Dawar da Kaka Ta Zo da Ita

Tun ranar da ɗana ya kawo magina suka malale bayan ɗakina da siminti raina bai ƙara kwanciya ba. Ba da mugunta ya yi ba, Allah ya sani. Cewa ya yi ciyawa tana tara mini sauro, kuma in damina ta yi nisa taɓo yakan yi santsi, yana tsoron kada in zame in karye. Na yi masa godiya, na sa masa albarka, don ɗan da ya tuna da ƙafar uwarsa ba abin zagi ba ne. Amma wannan ɗan wurin, da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, shi ne gonar da ta rage mini a duniya, kuma a nan nake shuka dawar kakata kowace shekara. Yanzu ga zangarniyarta nan rataye a ƙusa a jikin bango, damina tana zuwa tana wucewa, ni ina kallonta, ita ma kamar tana kallona.

Yaran yanzu in na ce musu a gona na tashi a Kurmin Mashi, dariya suke yi, suna ganin tsufa ne ya fara taɓa ni. Ban ga laifinsu ba. Sun buɗe ido sun ga gida manne da gida, kwata tana bin kwata, ko akuya ba ta da inda za ta miƙe ƙafa. Mu kuwa da muka zo, sunan bai yi ƙarya ba, kurmi ne sosai. Akwai ɗorawa da kaɗanya da dinya, akwai rafin da muke wanki a cikinsa, ruwansa da sanyi ko da tsakar rana. Gidajen ba su da yawa, danga ce ta kara ta raba su, kuma daga ƙofar gidanmu in ka miƙa ido yamma, gonaki ne har inda ganinka ya ƙare. Da sassafe kukan kurciya ne ke fara tashinka, sai luguden mata ya karɓa daga wannan gida zuwa wancan, har kana iya gane hannun kowace mace a taɓarya. Yanzu abin da ke tashina shi ne janareton maƙwabta da hon ɗin 'yan acaɓa.

Mahaifina maƙeri ne, rumfarsa tana Unguwar Shanu. Ba ma buƙatar a gaya mana damina ta kusa, jikin Baba ne ke gaya mana. In ya fara dawowa gida bayan magariba, rigarsa baƙi ƙirin, yana cin tuwo yana gyangyaɗi, to manoma sun yi masa layi ke nan, wannan yana son fartanya, wancan garma, wani a ƙara wa sunguminsa baki. Ni ce mai kai masa abincin rana, kuma tun daga nesa nake jiyo numfashin zuga-zugi da ƙarar masaba a kan uwar maƙera. Yakan ce shi bai iya noma ba, amma duk tuwon da aka ci a wannan yanki da hannunsa a ciki.

Mai noma a gidanmu ita ce Kaka, mahaifiyarsa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, mai kaifin baki, wadda ba ta iya zama. Ni take kira uwar surutu, ni kuma in ce mata ai gado na yi, sai ta ɗaga mini muciya tana dariya. Tana da gayauna, ba babba ba, kuma abu ɗaya take shukawa a tsakiyarta, wata farar dawa mai dogon wuya da ban taɓa ganin irinta a kasuwa ba. Tuwonta fari tas, mai laushi, kuma ɗumamensa ya fi na jiya daɗi. Ba ta da wani suna a bakin Kaka sai ta gidanmu. Ranar da aka kai Kaka ɗakin miji a wani ƙauye na ƙasar Zazzau, mahaifiyarta ta zuba mata ita a cikin ɗan gora, ta ce ita ma haka uwarta ta ba ta. Da wannan iri ta yi zaman aure, da shi ta yi takaba, da shi kuma ta biyo ɗanta Kaduna. Kayan ɗakinta duk sun ƙare a hanya, dawar ce kaɗai ta iso da ita.

Sha'anin iri a wurin Kaka ba wasa ba ne. Kafin a sa hannu a girbi, sai ta ratsa gonar ita kaɗai da ni a bayanta, tana ɗaga kai tana duban zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta cika ta yi nauyi, sai ta ce in ɗaura mata ɓawon rama a wuya, wannan ba ta tukunya ba ce. Bayan girbi sai ta raba zaɓaɓɓun kashi biyu, ta rataye su a madafi, daidai inda hayaƙi ke bi, don ƙwari ba sa son hayaƙi. Kashi ɗaya na shuka ne. Ɗayan kuwa ajiya ce, ba a taɓa ta ko ana yunwa, sai an ga sabuwar dawa ta shiga rumbu, sannan a sauke ta a ci. Takan ce sama ba ta yi wa kowa alkawari ba, wanda ya zuba irinsa duka a ƙasa ya zuba zuriyarsa. In bazara ta yi, sai ta murje 'yan ƙwayoyi ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ta tura ƙarƙashin randa. Bayan 'yan kwanaki ta kira ni mu buɗe tare, mu ga fararen saiwoyi sun huda tsumman, ta ce to, suna da rai. Ba ta taɓa sayar da iri ba. In maƙwabciya ta roƙa takan ba ta na gyaɗa ko na wake, amma ta gidanmu sai jini.

Ƙasar da take nomawa ba tamu ba ce, aro ce. Ta wani dattijo ce daga cikin Gwarawa, waɗanda yanzu suka fi son a ce musu Gbagyi, kuma su muka tarar a wurin, su da doyarsu da rumbunansu. Doguwar magana ba ta haɗa shi da Kaka ba. Ya nuna mata daga gindin ɗorawa zuwa bakin rafi, shi ke nan. Abin da ke tsakaninsu kawai shi ne damin farko. Kowace kaka, kafin mu ci ko ƙwaya ɗaya, Baba zai ɗauki dami guda ya kai masa har gida. Ba kuɗin haya ba ne, shaida ce cewa mun san mai ƙasa. Akwai kuma wata ƙa'ida da kowa ya sani, Bahaushe da Bagwari, ba wanda ya taɓa rubuta ta: ko mai ƙasa zai karɓi abinsa, ba ya karɓa da shuka a tsaye. Sai ka girbe, ka kwashe karanka, sannan ya ce maka bana ina so. Kaka ta ce ko a zamanin yaƙi, wanda ya sare shuka ɗanya ba a binne shi da mutunci.

To, sai zamani ya fara juyawa. Lokacin ana ta maganar Turawa za su miƙa mulki, ofisoshi suna ta tashi a cikin gari, ma'aikata suna ta kwararowa daga ko'ina da iyalansu, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Mu ma mun yi murna, kada in yi ƙarya. An ce za a kawo famfo, za a yi titi, za a yi asibiti kusa, kuma an yi wasu daga ciki, na ci moriyarsu. Amma Baba ya riga mu ganin inda abin ya dosa, don a rumfarsa aka fara ji. Masu neman fartanya suka fara raguwa, masu neman sakata da ƙusa da ƙarfen taga suka ƙaru. Wata bazara sai ga 'yan safiyo sun ɓullo ta bakin rafi, da doguwar sarƙa da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa ta ciki. Muka bi su muna kallo kamar masu wasa da kura. Da suka tafi, suka bar turakun siminti a kafe, jere, wasu a tsakiyar gayaunar Kaka. Bayan nan mai unguwa ya bi gida-gida yana cewa hukuma ta yanka wurin za a yi gidaje, kada kowa ya yi shuka bana, za a duba maganar diyya.

Kaka ta tambaye shi ko diyyar ana shuka ta. Ya yi dariya ya wuce.

Ta ɗaura mayafi, ta ja ni muka tafi wurin dattijon. Muka same shi a gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce shi ma haka aka zo aka gaya masa, ba wanda ya tambaye shi, turakun har bayan ɗakinsa sun kai. Ya ce shi dai bai karɓi gonarsa daga hannunta ba, amma yanzu bakinsa ba ya kai ko'ina. Kaka ta yi masa sallama, muka juyo. Sai da muka kusa gida ta ce tunda mai ƙasa bai ce ta tashi ba, za ta yi shuka. Su ma masu turakun ai uwa ce ta haife su, tuwo suka ci suka girma, ba za su ga dawa a tsaye su sa mata ƙarfe ba.

Ruwan farko da ya sauka, Baba ya ɗauki sungumi ba da son ransa ba. Yana gaba yana sara, ni da Kaka muna biye muna jefa iri muna binnewa da diddige. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin ƙasar nan da sanyinta a tafin ƙafata. Sai dai ruwan ya yi mana rowa, ya ɗauke bayan shuka, rana ta buɗe. Tsiron ya fito jefi-jefi, nan kore, can faƙo, turakun siminti suna tsaye fari fat a fili kowa yana gani. Da ruwa ya dawo, Kaka ta tsaya a bakin gonar ta daɗe tana dubanta. Muna komawa gida ta ce in hau turmi in sauko mata da ajiya, duka.

Baba yana alwala a tsakar gida, ya ajiye butar. Ban taɓa jin ya musa mata magana ba sai ran nan, kuma ko a ran nan a durƙushe ya yi.

"Inna, ki yi wa Allah ki bar ko zangarniya uku. Na ga abin da aka yi wa gonakin da ke bayan rumfata. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa."

"Waɗancan saura ce, ba shuka a ciki," in ji Kaka. "Gonar da ta yi giɓi ita ake rainawa. In suka zo suka tarar ta cika ta toshe, ko turakunsu ba sa gani, kunya za ta kama su. Kai ƙarfe ka sani, ni na san mutane."

Baba ya sunkuyar da kai, ya ɗauki butarsa. Ni kuwa a raina Kaka na ba gaskiya, don ban taɓa ganin ta faɗi abu a kan gona ya tashi banza ba. Na hau turmi na kwanto ajiyar, baƙi ƙirin da hayaƙi, muka murje ta tas a faifai. Ita da bakinta ta koya mini ba a zuba iri duka a ƙasa, ita kuma da hannunta ta zuba, don ta tsare shi. Muka cike kowane giɓi, har gindin turakun muka bi muka shuka.

Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne, ba mu taɓa yin dawa mai kyan ta wannan shekara ba. Kamar ƙasar ta san bankwana take yi. Kara ya yi kauri, ganye ya yi duhu, in iska ta ratsa sai ka ji kamar ruwa ne ke tahowa. Aka yi noman firi, aka yi maimai, maƙwabta suka zo gayya da ganga, duk da su nasu gonakin sun bar su saura. Turaku suka ɓace a cikin kore. Kaka ta dawo da bakinta, kullum sai ta tsokani Baba, ta ce maƙeri, ina mutanen naka, ko sun ɓata hanya? Shi dai murmushi yake yi. Dawa ta yi ciki, ta fid da kai, ta yi bununi, ni da yaran unguwa muka ɗaura gwangwanaye a igiya muna korar tsuntsaye. Ƙwaya ta fara zama, amma in ka matsa ta da farce farin ruwa ne ke fita. Kaka ta ce a ba ta wata guda kawai.

Ba a ba ta ba. Wata safiya ina bakin gona na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashina, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya ba wanda ya kore su. Katafila ce, ta taho ta bakin rafi tana ture ɗorawa kamar karan rama. Na ruga na kira Kaka. Ta zo ba takalmi, ta tsaya a gaban dawarta. Direban ya kashe injin ya sauko, wani magidanci ne, ya cire hula ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce masa ba ta hana su ƙasa ba, ba tata ba ce, wata guda take roƙo. Ya dubi dawar, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, ya san abin da ake ce wa wanda ya yi irin wannan aiki, amma an ba su lokaci, magina suna biye da su, in ya ƙi wani za a ɗora a kan motar kafin azahar. Abin da zai iya kawai shi ne ya fara ta ɗaya gefen, mu yanki abin da za mu iya. Kunyar da Kaka ta yi zato ta zo, ga ta nan a fuskar mutumin ƙarara, sai dai ba ta tsayar da komai ba.

Aka aika aka kira Baba daga rumfa, matan maƙwabta suka fito da wuƙaƙe. Muna yanka, injin yana matsowa, ƙamshin ɗanyen kara ya cika wurin, mai zaƙi kamar rake. Tun daga ranar ba na son wannan ƙamshi. Muka shanya abin da muka samu a tsakar gida, muna juyawa, muna addu'a. Da ya bushe sai ƙwayar ta motse ta zama ƙaiƙayi. Duk da haka Kaka ta tsince waɗanda suka fi dama, ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ta tura ƙarƙashin randa. Ranar buɗewa ba ta kira ni ba. Ni na same ta zaune da tsumman a cinya, ba komai a ciki sai fumfuna. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Uwata ta ba ni, uwarta ta ba ta. Ni ce ban ba kowa ba."

Daga nan bakinta ya mutu. Ba tsokana, ba faɗa, tuwon dawar kasuwa in an kawo mata sai ta taɓa ta ture. Baba bai taɓa ce mata ai na gaya miki ba, ko sau ɗaya, kuma na ƙara ganin girmansa saboda haka. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, don na ga tana bin dawarta.

Ana cikin haka, bayan kaka ta wuce, wata rana da hantsi aka yi sallama. Dattijon nan ne da matarsa, ita da kaya a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka. Tashi suke yi, za su koma can gaba da Mando, inda 'yan'uwansu suka ba su wuri. Baba ya shigo da su zaure, Kaka ta fito da kyar. Dattijon ya kwance wani ƙunshi ya ajiye a gabanta. Zangarniyoyi ne 'yan kaɗan, sun yi baƙi da hayaƙi, masu dogon wuya. Ya ce duk shekara in an kawo masa dami, yakan ci, amma yakan zare kaɗan ya soke a rufin ɗakinsa, don duk wanda ya shigo ya ga shaida cewa wannan ƙasa tana da mai ita. Waɗannan na bara ne.

"Yanzu ƙasar ba tawa ba ce," in ji shi. "Shaida ba ta da sauran aiki. Ke kina da aiki da ita."

Kaka ta ɗauki zangarniya ɗaya ta shinshina, ta murji ƙwaya ta ciza. Sai a lokacin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar katafila. Ta yi ta sa masa albarka da Hausa, shi yana amsawa da yarensu, kowa ya gane abin da ɗan'uwansa ke faɗi. Da suka tafi ta juyo ta ce wa Baba, maƙeri, iri ya dawo, gona fa? Ya ɗauki fartanya ya zaga bayan ɗaki, ya fara kaftar ɗan wurin da muke zubar da toka.

Wannan ɗan wuri shi ya zama gonarmu. Kaka ba ta ƙara zuba iri duka ba har ta koma ga Mahaliccinta, kuma ranar da aka kai ni ɗakin miji ta zuba mini rabona a cikin ɗan gora. Da gidan Baba ya dawo hannuna na ci gaba, shekara bayan shekara, ina shuka 'yan ramuka, ina raba kashi biyu, gidaje suna ta matso ni ta kowane gefe har rana ma sai ta yi tsaka take leƙo dawar. Dattijon kuwa na ji inda suka koma ma gari ya bi su ya tashe su, ban san inda jikokinsa suke ba.

Ɗana ya yi mini alkawarin zai nemo mini wuri a wajen gari. Ya nema, ban ce bai nema ba. Inda ya je sai ya tarar an yanka fuloti an kafa turaku, inda kuma ba a yanka ba, an ce hanyar ba ta biyuwa. Madafinmu na yanzu ba hayaƙi, gas ne, tsaf-tsaf, ƙwari sun samu sake. Da na ga damina ta sake ƙaratowa, sai na sauko da zangarniyar na murji waɗanda ƙwari suka bari, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Randa ma babu, a ƙarƙashin bokiti na tura. Bayan 'yan kwanaki na kira 'yar jikata na ce ta zo mu buɗe tare, yadda aka yi da ni.

Ta warware tsumman a hankali, ta duba, ta juya shi, ta sake dubawa. Sannan ta ɗago ta ce, "Kaka, me ya kamata in gani?"